Shafi Talatin da Takwas a Bakin Gada

A layin da ke bayan kotu, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da tabarau, akwai wani ɗan shago na buga takardu. A kusurwarsa ta hagu, inda iskar fanka ba ta kaiwa, nan Anti Tafireta take zama. Ita tafiretar ta daɗe da barin shagon, yanzu kwamfuta ce a gabanta, mai maɓallan da haruffansu suka goge saboda dukan yatsa. Sunan ne dai ya ƙi tafiya. Shekararta talatin da ɗaya a wannan sana'a, kuma in ka tambayi lauyoyin layin za su ce maka ba ta taɓa juya musu harafi ɗaya ba.

Abin da ba su sani ba, ko suka sani bai dame su ba, shi ne ba ta karanta abin da take bugawa. Tsohon da ya koya mata aikin, wani mai gajeren haƙuri, yakan rufe mata hannuwa da kwali don kada ta kalli maɓallai, ya tsaya a kanta yana cewa, "Ido ya ɗauka, yatsa ya ajiye. Kada ki bari ya biya ta cikin kai. Kai ne ke kawo kuskure." Da ƙuruciya takan saci karatu duk da haka. Wa zai buga wasiƙar saurayi zuwa ga budurwar da ta yi fushi ya ce bai leƙa ba? Takan koma gida da labarai cike da baki, har mijinta ya ce shagon nan ba shago ba ne, majalisa ce.

Shekara goma sha biyar da suka wuce mota ta buge ɗanta na fari a hanyar dawowa daga makaranta. Yana da sha shida. Da aka zo maganar sanarwar rasuwa, ta ce ita za ta buga, don ba ta yarda wani ya ɓata masa suna da kuskure ba. Ta zauna a wannan kujerar, ta buga layi tara, ta karanta kowane harafi. Tun daga ranar ta zama cikakkiyar ɗalibar tsohon nan. Takardar rantsuwa, takardar neman aiki, katin biki, ƙorafin maƙwabci a kan maƙwabci, duk su shiga ta ido su fita ta yatsa, ba abin da ke tsayawa. Auren ma bai daɗe ba bayan nan. Ba faɗa aka yi ba, shiru ne ya yi yawa a gidan har maigidan ya nemi inda ake magana.

Kada wani ya ce baƙin ciki take yi. Da baƙin ciki ne da an san ta inda za a lallashe ta. Abin nata ya fi kama da ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta: tana nan, kana ganinta, amma in ka tsunkule ta ba ka ji. Tana tashi, tana shan shayi, tana hawa motar haya, tana gaida mai agogo. In an yi dariya a shago takan buɗe baki ita ma, sai dai takan ɗan makara.

'Yarta ɗaya da ta rage, Auta, a shagon nan ta girma. Tana da tara lokacin da yayanta ya rasu. In an tashi daga makaranta sai ta zo ta hau kan kwalin takardu kusa da kujerar uwar, ta yi ta surutu har a rufe shago, uwar tana cewa "uhm" tana bugu. Yanzu Auta ta kai ashirin da huɗu, ta karanci gwajin jini, kuma an ba ta aiki a wani asibiti mai nisan yini guda a mota. Saura mako uku ta tafi, sai ga ta a shago da hantsi, rungume da littattafan rubutu guda shida ɗaure da igiyar takalmi.

"Mama, aiki na kawo miki."

"Na makaranta ne?"

"Labari ne. Ni na rubuta. Shekara huɗu ina yi." Ta ajiye su a gefen kwamfutar, amma ba ta ɗauke hannunta daga kansu ba. "Ke nake so ki buga. Ba na son kowa ya buga sai ke."

Anti Tafireta ta kwance igiyar, ta buɗe na farko, ta duba girman rubutun kamar yadda tela ke duba yadi. "Zai kai shafi ɗari huɗu. Tazara ɗaya kike so tsakanin layi ko biyu?"

Auta ta ɗan tsaya. "Yadda kika ga ya dace, Mama."

Da a ce Anti Tafireta da mai shagon ne kawai a wurin, da littafin ya shiga kwamfuta ya fito ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Amma akwai matar da ke kula da injin kwafi, wata mai jiki da murya, wadda duk layin ke kira Rediyo, don ba a taɓa jin an kashe ta ba. Rediyo ba ta ganin rubutu ta ƙyale, ko takardar da aka naɗe mata sabulu da ita sai ta karanta. Tun ranar farko ta tsaya a bakin firinta tana cafe shafuka da zafinsu.

"Yaya! Kin ga abin da 'yar nan ta rubuta kuwa?"

"Uhm."

"Wata ƙasa ce fa da kogi ke sauya hanya kullum da safe. Ka kwana gidanka yana gabas da ruwa, ka tashi yana yamma. Akwai wata yarinya, ita ce mai zana musu taswira, kullum sai ta sake sabuwa. Shi kuma gogan ɓarawon iska ne. Iska, Yaya! Yana ɗura ta a kwalabe yana sayar wa masu jirgin ruwa. Ya sace mata taswira, ta bi shi da wuƙa. Wallahi in ba su yi aure ba a ƙarshe, ki canza mini suna."

Haka aka yi ta yi. Anti Tafireta na bugu, Rediyo na watsa labarai. Mai Taswira da Ɓarawon Iska sun kama hanyar wani birni da ke bayan gadoji bakwai, inda aka ce an ɗaure bakin kogin. A gada ta farko tsuntsayen ƙarfe suka far musu. A ta biyu sai da suka ba mai gadi sirri ɗaya ɗaya kafin ya bar su su wuce, kuma sirrin da Ɓarawon ya faɗa ya sa Rediyo ta zauna a kan kwalin takardu tana fifita da fayil ɗin wani lauya. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba su taɓa ko riƙe hannu ba.

"Shafi ɗari da tamanin! Ya ɗauke ta daga cikin wuta, ta ɗinke masa rauni a kafaɗa, amma kowa na kiran kowa 'kai ɓarawo', 'ke mai zane'. Wannan 'yar taki muguwa ce. Ta san abin da nake so, ta ɗaga shi sama tana nuna mini kamar ana wasa da kyanwa."

"To ki daina karantawa mana," in ji mai shagon daga bayan teburinsa.

"In daina? Ai daɗin ke nan, Oga. Da sun rungumi juna tun shafi na goma, me zan zauna jira? Kowane babi sai ta rufe shi a daidai inda mutum ba zai iya tashi ba. Jiya na ƙona tukunya saboda ɓarawon nan."

Ita Anti Tafireta ta san littafin ta wata hanyar daban. Yatsunta sun san inda jimloli ke gajarta su yi ta gudu, sun san inda suke tsawo har sai ta sauke numfashi kafin aya. Ta lura rubutun Auta yakan kwanta gaba idan abu ya yi zafi, har wasu haruffan su rasa wutsiya. Da ta shiga littafi na huɗu kuma ta ga rubutun ya ƙanƙance, ya miƙe tsaye, biron ya danne takarda har ana jin tudunsa ta baya. Ta lura da wannan sarai. Ta ƙara hasken fitilar tebur, ta ci gaba.

A nan ne Rediyo ta fara gunaguni.

"Yaya, 'yarki ta ɓata rawarta da tsalle. An kama Ɓarawon Iska, an tafi da shi a ɗaure, za a jefa shi rijiya. Maimakon ta bi shi, sai ta zo gada ta huɗu ta zauna wurin wata mata. Shi ke nan fa. Ta zauna! Matar ba ta magana, ba ta komai, igiya kawai take ƙullawa. Na ƙirga, shafi talatin da takwas. Ni raina yana rijiya, ita tana ba dutse labari. Na san sannu ba ta hana zuwa, amma wannan sannun ta yi yawa. A cire shi, littafi ya huta."

Cikin kwana goma sha shida aikin ya ƙare, shafi ɗari huɗu da goma sha biyu. Rediyo ta yi kuka a shafin ƙarshe, ta ƙi faɗa wa mai agogo abin da ya faru, ta ce ya jira a buga littafin ya saya.

Ranar hutu da safe Auta tana shirya kaya a ɗaki, akwati a buɗe a kan gado, uwar tana miƙa mata abin da ta goge. Saura kwana huɗu.

"Mama, kin gama duka?"

"Na gama. Saura ɗaurin bango."

Auta ta ninke wata riga, ta warware, ta sake ninkewa. "Ya kika ga wurin gada ta huɗu? Wurin matar nan."

Tambaya ce ƙarama, kuma amsar gaskiya ma ƙarama ce: ban karanta ba. Amma Anti Tafireta ta ga yadda yarinyar ta tsaya da riga a hannu, sai ta ji kunyar faɗin haka. Ta laluba cikin kanta ba ta sami komai nata ba, sai maganar Rediyo da ke kwance a sama. Ta ari bakin Rediyo ta ci albasa da shi.

"Ya ja da yawa. Mutum yana son ya san abin da ya sami ɓarawon, ita kuma ta zauna tana ba dutse labari. Da an cire shi, da littafin ya huta."

Auta ta saka rigar a akwati, ta danne ta da tafin hannu. "Haka kika gani?"

"Haka na gani."

"To. Ki cire shi, Mama."

Ba ta ƙara magana a kai ba. Ta tambayi inda aka ajiye takalminta na aiki, uwar ta nuna mata ƙarƙashin gado.

Washegari Rediyo ba ta zo ba, haƙori ya kwantar da ita. Anti Tafireta ta buɗe aikin don ta cire wurin, sai ta tarar da matsala. Auta ba ta sa wa wurin babi ba. Ya fara ne a tsakiyar wani shafi, ya ƙare a tsakiyar wani, kuma ba mai nuna mata iyakarsa. Mai bugu yana iya bugawa ido rufe, amma ba ya iya yanka ido rufe. Ta gyara tabarau, ta nemo inda aka ambaci gada ta huɗu, ta fara karantawa a hankali, leɓunanta na motsi kamar na 'yar aji biyu.

Matar gadar tana zaune ne a kan kujera ta ƙarfe, da doguwar igiya a cinyarta. Duk wanda ya wuce sai ta ƙulla masa ƙulli ɗaya, ba ta ɗaga kai ta ga ko wane ne. An ce da can tana hira da matafiya, har tana yi musu waƙa. Wata rana wani yaro ya faɗa kogi daga kan gadar, ita ce ta ƙulla ƙullinsa na ƙarshe, daga nan fuskarta ta koma dutse, hannuwanta kaɗai suka rage da rai. Mai Taswira ta san ana jiranta a gaba. Duk da haka ta jawo wani akwati ta zauna kusa da matar, ta fara ba ta labari.

Kuma labaran ba na dodanni ba ne. Ta gaya mata haƙorinta ya fita, ta buɗe hannu ta nuna mata. Ta gaya mata ta zo ta ɗaya a lissafi. Ta gaya mata wata yarinya ta ce mata ƙafarta kamar ta agwagwa. Ta gaya mata jan takalmin ya matse ta tun bara. Ta gaya mata ta ga jini ta tsorata, ta je ta tambayi matar maƙwabta. A ƙarshen kowane labari akwai layi ɗaya da ke dawowa: "Matar ta ce uhm, ta ƙulla ƙulli. Ba ta ji."

Anti Tafireta ta tuna jan takalmin. Ta tuna haƙorin ma, na ƙasa ne, a gefen hagu, kuma a cikin takardar kwafi da ta lalace aka naɗe shi. Ta tuna sunan yarinyar da ta yi maganar agwagwa. Ba abin da ta manta, ko ɗaya.

Ta karanta shafi talatin da takwas ɗin har inda Mai Taswira ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta ce, "Zan tafi, ana jirana," ta haye gadar, matar ta ƙulla mata ƙulli. Sai ta zauna tana jiran kuka, don ta san a nan ne ya kamata ya zo. Bai zo ba. Fanka na juyawa, mai agogo na gardama da wani a waje. Abin da ta ji kawai shi ne kunya. Wani dattijo ya shigo da takardar rantsuwa, ta karɓa ta buga, ya duba ya nuna mata kuskure uku a layi goma. Mai shagon ya ɗago kai ya kalle ta, ya tambaya ko ba ta da lafiya. Ta ce lafiyarta ƙalau.

Kwana ukun da suka rage ta yi ta neman yadda za ta buɗe maganar. A wurin cin abinci ta ce, "Auta," Auta ta ce, "Na'am," sai ta ce ta miƙo mata gishiri. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana cewa "uhm" ba ya tashi rana ɗaya ya zama mai jawabi.

Ranar tafiya suka isa tasha da sassafe, rana ta fara ɗagawa. Aka ɗora akwati a bayan bas. Auta ta sami kujerar taga, ta ajiye jakarta a kai, ta sauko su yi sallama. Anti Tafireta ta ciro littafin daga leda. Da kanta ta ɗaure shi, da baƙin bango mai kauri.

Auta ta karɓa, ta auna nauyinsa a hannu, ta buɗe shafin ƙarshe ta duba lamba.

"Ba ki cire ba."

"Ban cire ba." Uwar ta ninke ledar a hannu. "Ranar da kika tambaye ni, ban karanta ba. Maganar Rediyo na faɗa miki. Yanzu na karanta wurin."

Direba ya danna ham sau biyu.

"Akwai kuskure a ciki," in ji uwar. "Ban gyara ba, ba aikina ba ne in gyara wa mai rubutu. Kin ce matar ba ta ji. Tana ji. Haƙorin na ƙasa ne, gefen hagu. Duk tana ji."

Idon Auta ya cika, amma muryarta ba ta yi rawa ba. "To me ya sa ba ta amsawa?"

Anti Tafireta ta nemi amsa da gaske. Ta duba ko'ina a cikinta, kamar mai neman makulli a jakar da ta san ba ya ciki. "Ban sani ba," ta ce. "Wallahi ban sani ba, Auta."

Masu shiga mota suna ture su ta kowane gefe. Auta ta rungume littafin a ƙirji, ta goge ido da bayan hannu, ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai dariya ba.

"Da kin faɗa mini haka tun a shafi na biyar, Mama, da ban ja shi har talatin da takwas ba."

Ta hau, ta zauna a bakin taga. Motar ta ja da baya, ta juya, ta nufi ƙofar tasha. Anti Tafireta ta bi ta da ƙafa, da farko a hankali, sannan da sauri, tana riƙe da ledar da ba komai a cikinta. A bakin ƙofa motar ta tsaya jiran hanya, uwar ta cim mata, ta buga gilashin da yatsa. Auta ta zuge tagar.

"Ba na so ki tafi," in ji uwar.

"Na sani yanzu," Auta ta ce. Hanya ta buɗe, direba ya saka giya.